Zagayen kabon tsakanin dutse, teku, tsiro da iska: tambayoyi da amsoshi

Wai mene ne kabon ɗin nan da ake ta magana a kansa?

Wanda ya taɓa riƙe gawayi ya riƙe kabon, domin mafi yawan nauyin gawayi shi ne. Baƙin da ke kama gindin tukunya shi ne, tsinin fensir ma shi ne. Sai dai ba kasafai yake zama shi kaɗai ba. Idan ƙwayar kabon ɗaya ta kama ƙwayoyin oksijin biyu, an sami iskar kabon dayoksaid, wadda ake taƙaita sunanta da CO2. Idan ta kama haidirojin huɗu, an sami iskar metan. Idan kuwa ta haɗu da kalsiyam da oksijin, sai ta zama dutsen farar ƙasa, ko ɓawon ƙwai, ko katantanwa. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, a jikin mutum kuma ya kai kashi 18 cikin ɗari.

Wuta ba ta ƙarar da shi, ruɓewa ma ba ta ƙarar da shi. Mazauni kawai yake sakewa, kuma wannan sauyin mazaunin ne ake kira zagayen kabon.

A ina yake ajiye, kuma nawa ne a kowane wuri?

Alƙaluman suna da girma, don haka mu ɗauki tan biliyan ɗaya na kabon a matsayin mudu guda. Iskar da ta lulluɓe duniya tana riƙe da mudu wajen 900 a yau. Dukan tsirran da ke raye, daga ciyawa har kuka, suna da tsakanin 450 zuwa 650. Ƙasar da muke takawa ta fi su duka biyun, tana da 1,500 zuwa 2,400, ban da wasu kimanin 1,500 da ke daskare a ƙasashen ƙanƙara irin su Saiberiya da arewacin Kanada. Teku na da kusan 38,000. Duwatsu kuwa sun haura mudu miliyan 60.

Abin lura shi ne iska na cikin ƙananan rumbunan nan. Ɗibar da ba za a ko lura da ita a duwatsu ba tana iya cika iska maƙil.

A kuma kula da wani ruɗani da ke yawan shiga rahotanni: tan ɗin kabon daban, tan ɗin CO2 daban. Oksijin ɗin da kabon ke kamawa yana da nauyi, shi ya sa tan ɗaya na kabon ke ba da tan 3.67 na CO2. Da haka ne lita ɗaya ta fetur, wadda ba ta kai kilo ɗaya ba, ke fitar da kilo 2.3 na CO2, tukunyar gas mai kilo 12.5 kuma ta fitar da wajen kilo 37.

Me ake nufi da zagaye mai sauri da mai nawa?

Mai saurin shi ne na masu rai. Gero ya ja CO2 a damina, an sha fura, an numfasa, kabon ya koma iska kafin shekara ta zagayo. A wannan hanyar tsirran tudu na jan kimanin tan biliyan 120 na kabon duk shekara, su da dabbobi da ƙananan halittun cikin ƙasa kuma su mayar da kusan daidai da hakan. Teku ma tana musayar tan biliyan 80 zuwa 90 da iska, shiga da fita.

Mai nawan shi ne na duwatsu: ruwan sama ya zaizaye dutse, kogi ya kai teku, ya kwanta ya zama farar ƙasa, ƙasan teku ya nutse can cikin duniya, dutse mai aman wuta ya dawo da iskar. Zagaye guda yana cin shekara miliyan 100 zuwa 200, kuma abin da ke bi ta nan a shekara bai kai rabin tan biliyan ɗaya ba.

Kwal da fetur da gas 'yan zagaye mai nawa ne. Mutane na tono su suna zuba kimanin tan biliyan 10 na kabon a shekara cikin zagaye mai sauri, wanda ba shi da wata ƙofar fita mai faɗin haka. Kusan duk tambayoyin da ke ƙasa nan suke komawa.

Daga ina itace ke samun nauyinsa? Ba daga ƙasa ba ne?

Yawancin mutane haka suke zato. A ƙarni na 17 wani masani ɗan yankin Beljiyam, Jan Baptist van Helmont, ya dasa ɗan itace mai kilo biyu da 'yan kai a tukunya mai ɗauke da busasshiyar ƙasa kilo 90, ba ya ba shi komai sai ruwa. Bayan shekara biyar itacen ya kai kilo 77, ƙasar kuwa giram 60 ma ba ta rasa ba. Shi ya ɗauka ruwa ne ya zama itace. Ya yi rabin daidai; sauran daga iska ya fito.

A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan CO2 ke shiga, ganyen ya yi amfani da hasken rana ya fasa ruwa, ya haɗa sukari, ya saki oksijin. Da sukarin ake gina kara da saiwa da tsaba. Matsalar tsiro ita ce duk sanda ya buɗe ƙofofin nan don iska ta shiga, ruwa na fita. A zafin rana dole ya zaɓa, ko ya ci ko ya bushe.

Gero da dawa da masara da rake suna da wata dabara: suna tattara CO2 a cikin ganye su cusa shi inda ake haɗa sukarin, don haka ba sai sun wangale ƙofofinsu ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gero ke yi a ƙasar Damagaram da ruwan da shinkafa ba za ta ko tsira da shi ba. Shinkafa da alkama da wake da auduga ba su da wannan dabarar, su ne kuma suka fi ƙaruwa idan CO2 ya yi yawa a iska. Amma ƙaruwar tana da ƙarshe, domin ba ta maye gurbin ruwa ko taki, kuma gwaje-gwajen gona sun nuna tsabar alkama da shinkafa na raguwa a furotin da sinadarin ƙarfe da zinki idan aka noma su cikin iska mai yawan CO2.

Numfashin mutane biliyan takwas ba ya ƙara CO2 ne?

Mutum na fitar da kimanin kilo ɗaya a yini, amma kabon ɗin tuwon da ya ci ne, wanda dawa ta ja daga iska bara. Ba ƙari ba ne, mayarwa ce.

To itacen girki da gawayi fa?

Ya danganta da abin da ya biyo bayan sara. Idan an sassare reshe itacen ya sake toho, ko an sare wani ya tsiro a gurbinsa, kabon ɗin zai dawo cikin 'yan shekaru ko 'yan gommai. Idan kuwa an tone kututture an mai da wurin fako, to rumbun ya ragu ke nan, abin da ke cikinsa ya koma iska ya zauna.

Gawayi ya fi itace cin daji. A ramin gargajiya da ake rufewa da ƙasa, kilo 100 na itace kan ba da kilo 10 zuwa 20 na gawayi kawai. Ɗanyen itace da ramin da ke shan iska ta ɓaraka su ne ke jawo asara mafi yawa: wutar na cinye itacen ya zama toka maimakon ya turara. Hayaƙin ramin kuma yana ɗauke da metan.

Me ya sa ƙasar noma a yankin Sahel ba ta riƙe kabon sosai?

Kabon ɗin ƙasa shi ne baƙin nan mai laushi da ake gani a ƙarƙashin juji ko tsohon makwancin shanu: ganye da saiwa da kashin dabbobi da suka ruɓe. Bakteriya da fumfuna na cin sa suna numfasa CO2, kuma zafi da danshi na ƙara musu hanzari. A ƙasa mai sanyi abin da ya faɗi yakan daɗe. A jigawar Kano ko Maraɗi, ruwan farko na sauka kan ƙasa mai zafi sai su tashi da ci, ga gara ta riga ta kwashe nata. Yashi kuma ba ya kama ruɓaɓɓen abu kamar yadda laka ke yi. Shi ya sa gonaki da yawa a yankin ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na kabon ba.

Sai kuma abin da ake mayar wa gonar. Kara ya tafi danni da abincin dabbobi da murhu, harawa ta tafi kasuwa, ragowar a tara a cinna wuta lokacin sharar gona. Toka na barin ɗan gishirin ƙasa, amma kabon da naitirojin sun bi hayaƙi.

Abubuwan da ke ƙara shi sanannu ne: takin gargajiya, kwanan shanu a gona da rani, ramukan tassa da ake zuba taki a ciki kamar yadda ake yi a yankin Tawa, da barin itatuwa a gona. Gawo ya fi dacewa, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma ke renon tohon kututture maimakon sare shi, abin da ake kira sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ya mamaye hekta kusan miliyan 5. Sai dai ƙarin a hankali yake zuwa, yakan tsaya idan ƙasar ta kai iyakarta, kuma 'yan shekaru na sakaci sun isa su mayar da hannun agogo baya.

Ta yaya teku ke shan CO2?

Ta hanya biyu. Ta farko narkewa ce kawai. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi riƙe iska, kamar yadda lemon kwalba mai sanyi ke riƙe gas ɗinsa, mai zafi kuma ya yi ta kumfa da an buɗe. A arewacin Atilantika da kewayen Antatika ruwa na yin sanyi da nauyi ya nutse da CO2 ɗin da ya sha, kuma yakan yi ɗaruruwan shekaru, har zuwa dubu, kafin ya sake ganin rana. A cikin ruwan, kusan kashi 90 cikin ɗari na kabon yana rikiɗa ya zama bayikabonet, ɗan'uwan sinadarin da ke cikin kanwa. Wannan rikiɗar ce ta sa teku ke iya ɗaukar ninkin abin da ke iska sau arba'in.

Ta biyu ta masu rai ce. A saman ruwa, inda haske ke kaiwa, akwai tsirrai ƙanana ƙwarai da ke shawagi. Su kaɗai suna haɗa kusan rabin abincin da tsirran duniya ke haɗawa a shekara. Yawancinsu ana cinye su nan take, wasu su nutse kamar yayyafi zuwa zurfi, ɗan kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa ƙasan teku ya binnu. A wasu sassan teku abin da ke hana su yaɗuwa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma ƙurar Sahara na daga cikin masu kai musu shi. Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, wanda tsohon gindin tafki ne, yana wuce mu ya zuba a Atilantika.

Shan da teku ke yi ba kyauta ba ne. Ma'aunin tsamin ruwan saman teku ya sauka daga 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. A wannan ma'aunin, saukar lamba ita ce ƙaruwar tsami. Saukar kamar ba komai, amma tana nufin ƙarin tsami na kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma hakan na wahalar da murjani da masu ɓawo wajen gina jikinsu. A matsa lemon tsami kan dakakken ɓawon ƙwai ko kan kanwa a ga kumfar da ke tashi: CO2 ne ke fita. Teku ba ta kai nan ba, ko kusa, amma hanyar guda ce.

Yaya dutse ke cin iska?

Ruwan sama na narkar da ɗan CO2 tun yana sama, ya sauko da tsami kaɗan, ma'auninsa wajen 5.6. A cikin ƙasa tsamin na ƙaruwa saboda numfashin saiwoyi. Wannan ruwan na cin duwatsu irin su Kufena da Kwatarkwashi a hankali, ya fi saurin cin baƙin dutsen aman wuta irin na tsaunin Biu. Yana sakin kalsiyam, kabon ya bi shi a narke zuwa kogi, daga nan teku. A can halittu su gina ɓawo da su, su mutu, ɓawon ya taru ya danne ya zama farar ƙasa.

Ana iya ganin ƙarshen wannan aikin a Kalambaina kusa da Sakkwato. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take a yau, kuma farar ƙasar da ake haƙa a can don siminti kwantaccen ɓawon halittunsa ne. Har yanzu ana tsintar katantanwar teku a cikin dutsen. Malbaza a Nijar ma cikin wannan tsohon kwarin take.

Zaizayar na ƙaruwa idan duniya ta yi ɗumi da ruwa, ta ragu idan ta yi sanyi, don haka ita ce ke daidaita zafin duniya a dogon zamani. Dogon zamani a nan yana nufin dubban ɗaruruwan shekaru.

Masana'antar siminti tana warware wannan aikin ne cikin mintoci. Idan aka gasa farar ƙasa ta kai zafin digiri 900, kowane tan na sakin kilo 440 na CO2, tun kafin a lissafa man da aka ƙona don kai tanderun digiri 1,450. Buhu ɗaya mai kilo 50 yana tafe da kilo 30 zuwa 40 na CO2.

Ba duwatsu masu aman wuta ne suka fi mutane fitar da CO2 ba?

A'a. Dukansu, na tudu da na ƙarƙashin teku, suna fitar da tan miliyan 300 zuwa 400 na CO2 a shekara. Kwal da fetur da gas da siminti na fitar da kusan tan biliyan 37, wato ninki ɗari.

Wannan ba ya nufin iskar da ke fitowa daga ƙasa ba ta da haɗari a inda ta taru. Tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru yana zaune ne a bakin tsohon dutsen aman wuta, zurfinsa ya kai mita 200. CO2 na tsattsafowa daga ƙasa yana narkewa a ruwan gindi, nauyin ruwan sama ya danne shi kamar murfin kwalba. A daren 21 ga Agusta 1986 ruwan ya juye, iskar ta taso gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, sai ta bi kwaruruka kamar ambaliya, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500. Tun 2001 aka kafa bututu da ke zuƙo ruwan gindin yana sakin iskar kaɗan-kaɗan.

Ita ce iskar da ke kashe mutane idan an kwana da janareta a ɗaki?

A'a, wannan kabon monoksaid ce, mai oksijin ɗaya. Tana samuwa idan wuta ba ta sami isasshiyar iska ba, kamar janareta a zaure ko kaskon gawayi a ɗaki rufe da hunturu. Ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, kuma ɗan kaɗan ya isa kisa. Ciwon kai da jiri ga mutanen ɗaki gaba ɗaya alama ce ta a fita waje nan take.

Yaya aka tabbatar ƙarin da ke iska daga kwal da fetur yake?

Awo na farko na kai tsaye ne. A 1958 Charles David Keeling ya fara auna CO2 a kan tsaunin Mauna Loa a Hawai, ya sami kashi 315 cikin miliyan. Ya haura 400 a 2013, yanzu ya wuce 420. Layin awon yana hawa da sauka duk shekara, ya kai ƙololuwa a Mayu ya sauka a ƙarshen Satumba, saboda dazuzzukan arewacin duniya na toho su zubar da ganye. Amma kowace shekara yana farawa sama da bara. Kumfar iska da ta maƙale a ƙanƙarar Antatika kuma ta nuna cewa cikin shekara 800,000 adadin bai wuce 300 ba, kafin masana'antu yana wajen 280.

Sanin asalin kabon ɗin kuwa daga nau'insa ne. Akwai wani nau'i, kabon-14, da ake samu a sama, tsirrai su sha, kuma rabinsa na lalacewa duk shekara 5,730. Da shi aka auna kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe a 1987, aka ga ya kai shekara 8,000. Kwal da fetur sun yi miliyoyin shekaru a binne, babu ko ɗigon kabon-14 a cikinsu, kuma an ga yadda hayaƙinsu ke sirka na iska. Kason kabon-13, wani nau'in mai ɗan nauyi, shi ma yana raguwa a iska, alamar tushen tsirrai ne, domin tsiro ya fi son nau'i mara nauyi. Oksijin na iska kuma na raguwa kaɗan-kaɗan daidai da abin da ƙonawa ke ci. Aman wuta ba zai ba da waɗannan alamu uku tare ba.

Duk abin da aka fitar yana zama a iska?

Kusan kashi 45 cikin ɗari ne ke zama. Teku na shan kimanin kwata, tsirrai da ƙasa su sha wajen kashi 30. Rabon tudu shi ne mara tabbas: a shekarar fari da gobarar daji yakan ragu sosai. Akwai kuma ajiyar da ke iya juyewa ta zama mai fitarwa, kamar daskararriyar ƙasar arewa idan ta narke, ko fadamar tsakiyar kwarin Kwango, wadda aka bayyana girmanta a 2017, mai riƙe da tan biliyan 30 na kabon a cikin ruɓaɓɓun tsirran da ruwa ya hana su gama ruɓewa. In ta bushe, bakteriya za su ƙarasa aikin.

Ina shanu da shinkafa suka shigo?

Inda babu oksijin, ruɓewa na ba da metan maimakon CO2: cikin tumbin saniya (ta gyatsa take fita), gonar shinkafa da ruwa ya kwanta, fadama, juji, cikin gara. Kabon ɗin na zagaye mai sauri ne, amma yayin da yake metan yana riƙe zafi fiye da CO2 sau 80 a ma'aunin shekara 20. Bayan kimanin shekara 12 yakan rikiɗa ya koma CO2. Metan ɗin da ke yoyo daga rijiyoyin mai da bututun gas kuwa laifinsa biyu, tunda daga ajiyar dutse ya fito.

In an daina ƙonawa yau, yaushe iska za ta koma yadda take?

Ƙwayar CO2 guda ba ta wuce shekara huɗu zuwa biyar a iska kafin ganye ko teku su ɗauke ta, amma wata ce ke fitowa a madadinta, don haka wannan lissafin yaudara ne. Rarar da aka ƙara tana raguwa ne mataki-mataki: wani kaso cikin gomman shekaru, wani cikin ƙarnuka yayin da ruwan zurfi ke juyawa, kashi 15 zuwa 40 kuma na nan bayan shekara dubu, suna jiran zaizayar duwatsu. An taɓa yin makamancin haka shekara miliyan 56 da suka wuce, lokacin da dubban tan biliyan na kabon suka shiga iska, zafi ya ƙaru da digiri biyar ko fiye. Farfaɗowar ta ci fiye da shekara 100,000.

Ba za a iya mayar da shi dutse da gangan ba?

Ana yi. A Aisland, aikin Carbfix na narkar da CO2 a ruwa ya tura shi cikin baƙin dutsen aman wuta a ƙarƙashin ƙasa, kuma a gwajin farko fiye da kashi 95 cikin ɗari ya daskare ya zama dutse cikin shekara biyu. Yana cin ruwa, kusan tan 25 ga kowane tan na CO2, yana kuma bukatar irin wannan dutsen a kusa. Wata hanyar ita ce niƙa dutsen a barbaɗa a gona don zaizayar ta yi sauri, sai dai niƙa da dako na cin makamashi, auna abin da aka kama a gonar kuma yana da wuya. Aikin Aisland ana lissafa shi da dubban tan ne a shekara, abin da ake fitarwa kuwa da biliyoyi.